Turkudin Inna Tumba

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da na tsaya bakin rijiya a Zurmi, hannuwana sun yi shuɗi har gwiwar hannu, ina duban ruwan cikin ƙwarya ina salati ba. Ku da kuke aikin fim yanzu kun sha tambayata abin da ya sa tsofaffin abokan aiki suke kirana Mai Wanki, alhali ni tela ne. To, ga dalilin. Zan faɗe shi yadda ya faru, in na ƙara ko na rage Allah ya yafe mini, don abin ya daɗe.

Sunana Isiya. Firamare kaɗai na yi, daga nan sai keken ɗinki. Shagona yana kusa da tashar jirgin ƙasa a Kaura Namoda. Bayan an ba mu jiharmu ta Zamfara, samarin garin suka ce mu ma sai mun yi abin kanmu, ba kullum mu riƙa kallon kaset ɗin Kano ba. Aka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, ni aka ba ni kula da sutura.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda muke. Darakta shi ne babba, shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya. Namu sunansa Bello, malamin makaranta ne, yana da zuciya amma ba ya riƙo. Sai mai kyamara, Lawwali, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar biki da saukar karatu kafin ya shigo cikinmu. Ni kuma aikina in tanadi abin da kowa zai sa, in kuma tuna yadda ya sa shi. In an ɗauki rabin fitowa yau, rabi gobe, dole ɗaurin ɗankwalin gobe ya zama irin na yau, in ba haka ba mai kallo zai ga kan mace ya sauya tsakanin kalma da kalma. Ina da littafi ɗan ƙarami da nake zana ɗauri da ninki a ciki. Dariya suke mini, amma ban taɓa bari ba.

Shekarar da aka fara aiki da Shari'a muka zo ɗaukar fim ɗinmu na biyu. A lokacin fim ba ya tafiya sai da waƙa, waƙa kuwa yadda aka saba, saurayi da budurwa ne cikin lambu suna rawa, kowane baiti a sauya anko. Mu ba halin haka, kuma gaskiya ni ban so ba tun asali. Da muka nemi izinin ɗaukar waƙar a bakin gulbi kusa da Zurmi, dattawan wurin suka ba mu kwana biyu, Litinin da Talata, da sharaɗi uku: ba rawa, ba a haɗa namiji da mace a hoto guda, kuma a watse kafin magariba. Suka haɗa mu da wani dattijo, Malam Ɗanjuma, ya zauna bisa buzunsa yana ganin abin da muke yi.

Bello ya dawo ransa a ɓace. Ya ce, "Waƙar mata da miji, ba rawa, ba miji. Me ya saura?"

Lawwali ya ce, "Saura zane da rana da ni."

Waƙar baiti huɗu ce. Biyun farko matar tana murnar zaman aure, biyun ƙarshe mijin ya tafi fatauci ta daina jin labarinsa. Mijin mun riga mun ɗauke shi shi kaɗai a Kaura, yana tafiya bisa layin dogo. Saura matar, wadda Luba ta fito a matsayinta. Lawwali ya ce mini, "Isiya, tunda ba za ta motsa ba, ka samo mini zanen da zai motsa a madadinta."

Na kwana biyu ina tunani, sai na tuna turkudin Inna Tumba.

Inna Tumba aminiyar mahaifiyata ce, a Shinkafi take, ita ta yaye ni. Turkudi kuwa, ga yaran da ba su tarar da shi ba, mayafi ne da ake rinawa da shuni har ya ƙoshi, sannan a buga shi da garin shuni bisa itace har ya riƙa ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Baƙi ne in ka dube shi a inuwa, in rana ta taɓa shi sai ya juye ja-ja, shuɗi-shuɗi. Ba a wanke shi. Kowa a ƙasarmu ya san haka, har ni. Nata marigayi mijinta ne ya kawo mata daga wata tafiya ta Agadas. Tun ina yaro nake ganin adudun da yake ciki, ban taɓa ganinsa a jikinta ba.

Na hau mashin na tafi. Wancan zamani kana iya tashi daga Kaura ka bi Shinkafi ka ɓullo Zurmi, ba abin da kake tsoro sai faci da yashi. In ƙishi ya kama ka ka ratse ruga a ba ka nono, a tambaye ka mutanen gida.

Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta daɗe tana dubana.

"Kai ɗan nan, wanga zane ko ɗiyata da na haihwa ban ara ma ba ranar bukinta."

Na ce, "Na sani, Inna."

"To mi ya sa kaz zo?"

Ta yi dariya ta ce, "Don ka san kai kaɗai za ni ba. Kai da ko allura ka ara sai ka hana kanka barci." Ta jawo adudun, ta warware tsumma uku kafin ta kai gare shi. Warin shuni ya cika ɗakin. Ta ce, "Abu guda. Ruwa."

Na ce, "Inna, na yi miki alkawari, ko raɓa ba za ta taɓa shi ba."

Wannan magana ita ce har yau nake da-na-sani a kanta. Ba wanda ya sa ni faɗin raɓa. Ni na ƙara.

Ranar Litinin da hantsi muka fara. Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Lawwali ya tsayar da Luba inda rana za ta fito ta bayan kafaɗarta. Na ce masa ai fuskarta za ta yi duhu. Ya ce in yi haƙuri. Muna da falanki da muka manne wa takardar azurfa, ita ce ke maido haske, aka riƙe ta daga ƙasa aka watsa wa fuskar. Nan take fuskar ta haskaka, gefen turkudin kuma ya kama wuta. Aka kunna waƙar a rediyo mai kaset, Luba tana bin ta da baki, ba abin da take yi sai ɗan juya kafaɗa da gyara lulluɓi. Kowane juyi sai haske ya gangara bisa zanen kamar ana zuba ruwa. Ba mu da ƙarfen tura kyamara irin naku, don haka Lawwali ya zauna cikin baro, Bello da kansa ya riƙa tura shi a hankali bisa tabarmin da muka shimfiɗa, kyamara tana matsowa kusa da ita daga ƙasa, sama tana bayanta.

Lawwali ya kira ni ya ce in sa ido a kyamarar. Na sa. Wallahi mace ce tsaye wuri guda, amma sai ka rantse murna take kamar ta tashi sama. Har shunin da ya goge a kumatunta, na ɗauko tsumma zan share, ya ce in bar masa abinsa.

Malam Ɗanjuma ma sai da ya taso ya leƙa. Ya ce, "Ikon Allah. To ai ba ta yi komi ba."

Lawwali ya ce, "Shi ne aikin, Allah gafarta Malam."

Rana ta yi sama, hasken ya yi tsauri, aka tashi da baiti biyu a hannu. Saura biyu gobe da hantsi, a wuri ɗaya, da zane ɗaya.

A gidan da aka sauke mu na ninke turkudin na sa shi ƙarƙashin kaina. Da safe bayan an karya kumallo na ji yana ɗan warin zufa, sai na shimfiɗa tabarma a inuwar zaure na baza shi ya sha iska. Na juya in ɗauko littafina, ban fi ƙiftawa da bisimilla ba. Da na waiwayo, ga wata akuya tsaye a gefen tabarmar, ta gama abin da za ta yi, fitsarin ya gangaro ya jiƙa bakin zanen kamar faɗin tafin hannu.

Da na bar shi ya bushe, da ba wanda zai sani. Amma ni Allah ya yi ni da wasiwasi. Na ce a raina Luba za ta yafa shi, wataƙila azahar ta same ta da shi ta yi salla. Na ce ko ba ta yi ba, zan mai da wa tsohuwa najasa ta rufe cikin adudu. Na ce alhakin sallar wani zai hau kaina. Na tuna alkawarin raɓa, na tuna hisabi, na auna su biyun, hisabi ya rinjaya. Na ɗauki zanen na je bakin rijiya, na ɗebo ruwa a ƙwarya na ce ɗan wurin kaɗai zan ɗauraye.

Ruwa na taɓa shi sai shuɗi ya kwaranyo. Wurin ya dushe, ya bar zobe. Na ce bari in ɗan jiƙa kewayen zoben don ya saje. Zoben ya ƙara faɗi. Na bi shi, ya gudu, na bi shi. Ban san lokacin da na tsoma zanen gaba ɗaya ba. Da na ɗago shi, abin da ke hannuna wani tsohon zane ne mai ruwan toka da shuɗi, ba ƙyalli ko na anini.

A haka Lawwali ya same ni. Ya dubi hannuwana, ya dubi ƙwaryar, ya ce, "Isiya, marina ka buɗe?"

Bello kuwa da ya zo sai da ya cire hularsa ya buga a cinya. "Turkudi! Ka wanke turkudi! Ko jaririn Zamfara ya san ba a wanke turkudi! Yau izininmu ke ƙarewa, kasuwar Shinkafi sai Alhamis. Ina zan samo wani?"

Malam Ɗanjuma ya iso ya tambayi abin da ya faru. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, a makarantar zaure ba ka kai babin tsarki ba? Dabbar da ake cin namanta ai fitsarinta ba najasa ba ne, sai fa in ƙazanta take ci."

Na ce, "To Malam, in ita wannan tana ci fa?"

Ya ce, "Ka bi ta kiwo ne?"

Kowa ya fashe da dariya, har Bello. Ni kaɗai ban yi ba. Fim bai dame ni a lokacin ba, Allah ya sani. Fuskar Inna Tumba kawai nake gani.

Lawwali ya karɓi zanen ya shanya a igiya, ya ɗauko kyamara ya daɗe yana dubansa ta ciki. Ya ce wa Bello, "Yau ba aikin hantsi. A bari sai la'asar." Bello ya ce zane ya sauya, mai kallo zai gani. Lawwali ya ce, "Ina so ya gani. Mijinta ya tafi, wa za ta yi wa ƙyalli?"

Muna jiran la'asar Bello ya ja ni gefe. Ya huce, yana son ya taimake ni. Ya ce in ba shi zanen bayan an gama, zai aika a sake rina shi a buga, ya dawo kamar sabo, tsohuwa idonta ya yi rauni ba za ta gane ba. Ba zan ɓoye muku ba, na amsa. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Daga baya na koma na ce masa ba zan iya ba. Na karya alkawari ɗaya, ba zan ɗora masa ƙarya ba. Ya ce, "Kai dai ka sani, Mai Wanki." Ranar sunan ya fito.

La'asar sakaliya muka koma gulbi. Wannan karon Lawwali ya ce a ajiye falankin haske, a ajiye baro. Ya hau bisa gaɓa ya kafa kyamara can nesa, bai ƙara taɓa ta ba. Ya sa Luba ta sauka tsakiyar yashin da ruwa ya janye ya bari, ta ba rana gefe, ta ja lulluɓin har goshi. Zanen bai maido haske ko kaɗan ba, shanye shi yake yi. Da na sa ido sai na ga mace ƙanƙanuwa cikin fili mai yawa, inuwarta ta fi ta tsawo, launin zanenta ya kusa sajewa da yashi. Waƙar ita ce dai ta jiya, muryar ita ce, amma sai na ji kamar an sauya ta. Aka gama rana tana bisa kan itatuwa. Malam Ɗanjuma ya naɗe buzunsa, sai da muka kama hanya ya ce, "Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba."

Laraba da safe na ɗauki zanen zan tafi Shinkafi. Lawwali ya ce zai raka ni, ya ɗaura kyamara a bayansa. Shunin hannuna bai fita ba duk da na goge da toka.

Muka yi sallama, muka durƙusa. Inna Tumba ba ta dubi ƙunshin ba, hannuwana ta duba.

"Hannunka ya riga bakinka, Isiya."

Na faɗa mata komai, har akuyar, har maganar sake rini da na amsa na warware. Ta buɗe ƙunshin, ta kai zanen hancinta.

"Warin ya tahi," ta ce.

Ta juya mana baya ta fuskanci bango. Na fi son ta zage ni.

Lawwali ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, ko za ki ga abin da aka yi da shi?"

Ba ta juyo ba ta ce, "Shekarar Shari'a za ku kawo min majigi cikin ɗaki? Ku sa a yi min bulala da tsuhwana?"

Ya ce, "Malam ya zauna an yi shi a gabansa, Inna. In an zo bulalar Isiya zai karɓa."

"Shi ya cancanta," ta ce. Amma ta juyo.

Aka aro talabijin da batir daga maƙwabta, Lawwali ya haɗa wayoyinsa, aka saki labulen ƙofa. Baitin farko ya fito, turkudin yana walƙiya. Inna Tumba ta matso har ta kusa taɓa gilashin.

"Shi na," ta ce a hankali. "Haka shike. Ranar da Alhaji yak kawo shi na yahwa na hita tsakar gida da hantsi, yac ce in juya. Na juya, yac ce in ƙara."

Sai baitin ƙarshe ya zo, mace ƙarama cikin yashi. Ta kalla har ya ƙare, sannan ta dubi Lawwali.

"Kai, wa ya hwaɗa maka?"

Ya ce, "Me, Inna?"

"Haka gari ke komawa in mutum ya tahi. Komi sai shi yi nisa."

Ta share ido da bakin zanen da na wanke, abin da da can ba za ta taɓa yi da shi ba. Ta ce a mai da na farkon. Aka mayar. Ta ce a ƙara. Sau uku.

Daga nan ta dube ni. "Alkawali dai ka karya, kada ka ce ba ka karya ba."

Na ce, "Na karya, Inna."

"Shekara talatin ina tsaron ƙyallin wanga zane, ni kaina ban gani, sai in buɗe in shinshina in ruhe. Yau da ka kawo min shi da sabon rini, da na gane, don ba warinshi na ba, kuma da ba ka ƙara taka ɗakin ga ba." Ta warware shi ta yafa a kafaɗa, ta gyara. "Na yahe. Tashi ka ɗebo min ruwa, tunda kai da ruwa ba ku rabuwa."

Bayan wata bakwai aka yi sunan ɗiyata ta fari a Kaura. Inna Tumba ta zo a motar kasuwa da turkudin a kanta, da shi ta goyi jaririyar ta zaga gida. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Ɗana ya wanke min."

Fim ɗin bai yi nisa ba, iyakarsa shagunan haya na Kaura da Gusau. Kaset ɗina danshi ya cinye shi. Lawwali ya rasu, Inna Tumba ta rasu, hanyar Zurmi kuwa yanzu sai da addu'a ake binta. Wani lokaci in ina ɗinki la'asar ta shigo ta tagar shago ta faɗa kan yadi, sai in tsayar da keken in duba.

Abin da na koya, ku da kuke da fitilu da kyamarori masu tashi sama, shi ne mai kallo ba ya jiran a gaya masa ya yi murna ko ya yi baƙin ciki. Zane ya riga ya gaya masa, da inda rana ta tsaya, da nisan da mai kyamara ya ja. An hana mu rawa, muka yi waƙar da tsohuwar da ba ta taɓa kallon fim ba ta ga rayuwarta a ciki. Na kuma koyi cewa kayan da muke sa wa 'yan wasa ba namu ba ne, kowane yana da mai shi da abin da ya ajiye a ciki. In ka ɓata, ka kai da hannunka ka faɗa da bakinka.

Sannan in abu ya shige muku duhu, ku tambayi malam kafin ku ɗebo ruwa. Ni har yau, in na ga akuya kusa da kayan aiki, sai na tashi na kore ta, ko da na san hukuncin.